ADO DA KWALLIYA: Rigar da ta manne a filin biki

Wasiƙar wannan wata daga garin Zuru ta jihar Kebbi ta fito, daga wata budurwa 'yar unguwar Rikoto da ta roƙi a sakaya sunanta. Ta ce wata doguwar rigar shifon ta gani a jikin wata jaruma cikin waƙar fim, ta yi ta tari har ta sayi yadin, tela ya fitar mata da ɗinki sak irin na fim ɗin.

Ranar kamun ƙawarta, ana tsakiyar hunturu, ta shiga fili za ta yi liƙi, sai riga ta ce ba ta san zance ba. Ta lafe mata a cinya da baya kamar an shafa gam. Ta ja nan, can ya kama. Ƙarshe dai gyale ta naɗe jikinta da shi ta koma kujera, kunya kamar ta nutse. Da dare kuma da ta zo cire rigar a duhu, sai ta ji ƙas-ƙas, ta ga tartsatsin wuta. Gwaggonta ta ce mata: "Ke 'yar nan, wannan hannu aka sa miki, maza a ƙona ta." To, ta ƙona ko ta bari?

Amsa ita ce kada ta kuskura ta ƙona kuɗinta. Babu sammu, babu aljani. Lantarki ne, irin wanda 'yan makaranta ke wasa da shi idan sun goga biro a gashi sun ɗauki guntun takarda. Duk lokacin da abu biyu suka gogi juna, kamar yadi da fata ko riga da siket na ciki, wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi da ake kira elektaron kan bar ɗaya su koma ɗayan. Daga nan sai su riƙa jan juna kamar maganaɗisu. Abin ba sabo ba ne. Girkawan dā sun lura da shi idan suka goga wani daskararren ƙaro mai ruwan zuma, kuma daga sunan wannan ƙaro a harshensu Bature ya samo sunan wutar lantarki. A 1600 wani likita a Ingila, William Gilbert, ya yi littafi da ya yi bayani a kai.

Me ya sa sai da hunturu? Da damina iskar Zuru cike take da laima, laimar nan ce ke kwashe lantarkin tun bai taru ba. Amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan busasshiyar iskar Sahara ta sauko, laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, alhali da ta sauka ƙasa da kashi 40 ma matsalar ta fara. Ga fata ta bushe, ga takalmin roba ya hana lantarkin sauka ƙasa. Kafin mutum ya ji wannan 'yar tsunkular, abin da ya taru a jikinsa ya kai kimanin bolt 3,000, alhali wutar gida 230 ce. Sai dai kada gaban kowa ya faɗi, ƙarfinta ba ya wuce ƙiftawar ido, ba ta kisa.

Babban mai laifi shi ne yadin roba. An ƙirƙiro nailan a Amurka a 1935, foliyesta kuma a Ingila a 1941, kuma yawancin shifon, gyale, hijabi da yadin "matiriyal" na kasuwa daga gare su ake yi. Ba sa shan ruwa, don haka suke riƙe lantarki. Atamfa ta gaske da shaddar auduga kuwa suna tsotsar laima, shi ya sa da wuya a ga sun yi wa mutum wannan tsiyar.

Tun zamanin Sangaya a 1999, lokacin kaset, har zuwa yau da ake kallo a waya, 'yan mata na ɗaukar ɗinki daga jikin jarumai. Abin da 'yan kallo ke mantawa shi ne, a lokeshin idan riga ta manne darakta zai tsayar da kyamara, mai kula da sutura ta gyara, a sake ɗauka. A filin biki kuwa babu mai cewa "kat". Su ma 'yan fim abin ya shafe su, domin kayan da ke fitar da surar jiki na cikin abubuwan da aka daɗe ana kai ruwa rana a kansu da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001. Riga komai faɗinta, in ta lafe a jiki, ta koma matsattsiya a idon kyamara.

To, ina mafita?

Na farko, mai. A shafa basilin ko man kaɗe a ƙafa, cinya da hannu bayan wanka, a bari ya shiga jiki kafin a sa kaya don kada ya ɓata yadi.

Na biyu, auduga a ciki. Shimi da siket na ciki su zama na auduga. Roba a kan roba shi ne ke haɗa rigima.

Na uku, wajen wanki. A zuba ruwan tausasa tufafi a ɗaurayar ƙarshe. In babu, ɗan cokali na kwandishinan gashi a bokitin ruwa zai yi aikin. Kuma kada a bar kayan roba a igiya har su yi ƙarau, a kwashe da sauran ɗan sanyinsu.

Na huɗu, hanga ta ƙarfe. A bi cikin rigar da ita sama da ƙasa kafin a sa, ƙarfen zai kwashe abin da ya taru.

Na biyar, in abin ya faru a tsakiyar taro, a zaga gefe, a jiƙa tafin hannu da ruwan leda, a shafa cikin rigar da fatar da take kamawa. Nan take za ta saki. Mai dabara takan jefa 'yar kwalbar fesa ruwa a jaka.

Samari ma ba a bar su a baya ba: rigar ƙwallo da yadin roba duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Wanda ƙofar mota ke tsunkula, ya riƙe ƙarfen ƙofar tun kafin ya sauke ƙafa ƙasa.

Inda wasa ya ƙare shi ne wajen fetur da wuta. Tartsatsin nan, ƙanƙantarsa, zai iya kunna tururin fetur ko gas da ke yoyo. Mai cika jarka ya ajiye ta a ƙasa, kuma kafin a buɗe tankin janareta a fara taɓa wani ƙarfe can nesa da man. Haka nan mai sanye da yadin roba ta yi nesa da wutar jin ɗumi, domin in ya kama narkewa yake yi a kan fata.

Saboda haka 'yar Rikoto ta ciro rigarta daga ƙasan akwati, ta gwada a gaban Gwaggo: ta fesa ruwa, ta sa, a ga ko za ta sake kamawa. Biki na gaba kuma a shiga fili da kai a sama. Mai tambaya kan sutura ko kwalliya, ƙofa a buɗe take. Sai wata mai zuwa.