Tallafi da Sharaɗi: Tambayar da Binciken Tattalin Arzikin Ƙasashe Masu Tasowa Ke Yawan Tsallakewa

A shekarar 1969 Bankin Duniya ya nuna cewa bai dace Koriya ta Kudu ta gina babbar masana'antar mulmula ƙarfe ba. Hujjarsa a fili take: ƙasar ba ta da wadatacciyar tama, ba ta da irin kwal ɗin da ake narka ƙarfe da shi, kasuwarta ta cikin gida ƙarama ce, kuma ba ta da ƙwararrun da suka taɓa riƙe aiki mai wannan girma. Masu ba da rance na Amurka da Turai suka janye hannu. Gwamnatin Park Chung-hee ta ɗebi wani kaso na kuɗin da Japan ta amince ta biya a yarjejeniyar 1965, ta zuba a kamfanin POSCO da aka kafa a 1968. A 1973 ƙarfe ya fara fitowa a garin Pohang, kuma kafin a cika shekara ashirin kamfanin ya shiga sahun waɗanda suka fi sarrafa ƙarfe da araha a duniya. A 1979 Nijeriya ta rattaba hannu da wani kamfanin Tarayyar Sobiyet kan gina masana'antar Ajaokuta, kusa da tamar Itakpe. Fiye da shekara arba'in ke nan, babbar tukunyar narka ƙarfen ba ta taɓa ɗaukar wuta ba.

Masana'antun biyu duk na gwamnati ne a lokacin da aka kafa su, duk da kuɗin hukuma aka gina su, duk da fasahar baƙi. Saboda haka muhawarar da ta cinye ƙarfin manazarta siyasar tattalin arziki tsawon shekaru, wato ko gwamnati ta sa hannu a harkar kasuwa ko ta tsame, ba ta iya bayyana bambancin da ke tsakaninsu. Ra'ayin wannan maƙala shi ne, tambayar da ta fi amfani ita ce: idan gwamnati ta ba wani gata, me take nema a madadinsa, kuma tana da ƙarfin ƙwace gatan idan ya kasa? An gano muhimmancin wannan tambaya tun da daɗewa, amma har yanzu bincike na yawan bi ta gefenta.

A 1981 aka fitar da ayyuka biyu da suka daɗe suna juya akalar tunani kan Afirka. Ɗaya shi ne rahoton da Elliot Berg ya jagoranta a Bankin Duniya, ɗayan kuma littafin Robert Bates kan kasuwanni da gwamnatoci a Afirka. Bates ya nuna yadda hukumomin sayen amfanin gona ke biyan manomi ƙasa da farashin duniya, a kwashe rarar a ciyar da birane da ma'aikata da 'yan lelen masu mulki. Duk wanda ya san tarihin gyaɗa da auduga a tsohuwar Jihar Arewa ya san biri ya yi kama da mutum. Sai dai maganin da aka ɗora a kan wannan bincike ya zarce abin da binciken ya tabbatar. Aka ce tunda hannun gwamnati ya yi ɓarna, a cire shi gaba ɗaya. A Nijeriya aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986, shekarar da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu. Koriya ta Kudu da Taiwan kuwa aka riƙa kafa misali da su a matsayin ƙasashen da suka bar kasuwa ta yi halinta suka ci riba.

Waɗanda suka je suka duba da idonsu sun tarar da wani abu dabam. Chalmers Johnson ya fara da Japan a 1982, Alice Amsden ta biyo da Koriya ta Kudu a 1989, Robert Wade kuma da Taiwan a 1990. Aikin Amsden ya fi dacewa da zancen nan. Bayan juyin mulkin 1961, gwamnatin soja ta mayar da bankunan kasuwanci hannun hukuma, ta haka ta zama ita ke yanke wanda zai sami rance da wanda ba zai samu ba. Ta kama manyan 'yan kasuwa bisa zargin tara dukiya ta haram, sannan ta sake su da sharaɗin su zuba jari a masana'antun da ta zaɓa. Ta ba da rance da kuɗin ruwan da sau da yawa bai kai hauhawar farashi ba, wanda a zahiri kyauta ce a cikin rigar bashi. Ta tsare kasuwar gida daga kayan waje. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ba a yi irinsa a Afirka ko Latin Amurka ba.

Abin da ya bambanta shi ne igiyar da aka ɗaura wa kyautar. An gindaya wa kamfanoni adadin kayan da za su sayar a ƙasashen waje, kuma daga 1965 shugaban ƙasa da kansa ke jagorantar zaman wata-wata inda ake bin alƙaluman fitar da kaya, ministoci da 'yan kasuwa na zaune. Hikimar wannan ma'auni ita ce wahalar yi masa maguɗi. Attajiri na iya sayen jami'in da zai rubuta cewa masana'antarsa na aiki, amma ba zai iya tilasta wa mai saye a Jamus ko Amurka ya karɓi kaya maras kyau ba. Wanda ya cika alƙawari a ƙara masa rance da lasisi. Wanda ya gaza a rufe masa famfo, wani lokaci a haɗe kamfaninsa da na wanda ya fi shi iyawa. Mafi yawan rukunan kamfanoni goma da suka fi girma a tsakiyar shekarun 1960 ba sa cikin goman farko bayan shekara goma. Doka kuma ta tanadi hukunci mai tsanani, har da kisa, ga mai fitar da manyan kuɗi waje ba bisa ƙa'ida ba. Kayan da ƙasar ke fitarwa suka tashi daga dala miliyan 100 a 1964 zuwa dala biliyan 10 a 1977. Bahaushe ya riga ya taƙaita tsarin: kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Malesiya ta nuna abin da ke faruwa idan aka ba da ladan ba a tsaya kan askin ba. Kamfanin mota na Proton da aka kafa a 1983 ya dogara da fasahar Mitsubishi, kamar yadda Hyundai ya yi a farkon tafiyarsa. Amma Hyundai an tura shi kasuwar duniya, ya fara sayar da mota a waje a 1976, ya shiga Amurka a 1986, alhali a gida ma yana da abokan gogayya. Proton ya zauna a inuwar harajin fito yana sayar wa 'yan ƙasa da ba su da zaɓi mai araha. A 2017 kamfanin Geely na Sin ya sayi kashi 49.9 cikin ɗari na hannun jarinsa.

Bai kamata a wanke Koriya ta wancan zamani tas ba, kuma a nan ne wasu masu sha'awarta a Afirka ke yin tuntuɓe. David Kang ya nuna a 2002 cewa cin hanci tsakanin 'yan siyasa da attajirai ya yi katutu a can kamar yadda ya yi a Filifin. Bambancin shi ne a Koriya kowane ɓangare na riƙe da wuyan ɗan'uwansa, babu mai iya cinye ɗaya. Rukunin kamfanonin Kukje da aka wargaza a 1985 ana danganta faɗuwarsa da rashin gamsar da fadar shugaban ƙasa, kuma a 1993 Kotun Tsarin Mulki ta ce matakin ya saɓa wa doka. Ma'aikata sun biya farashi mai ɗaci: a watan Nuwamban 1970 Jeon Tae-il, matashi mai aikin yankan tufafi a Seoul, ya cinna wa kansa wuta don nuna adawa da halin da ake aiki a ciki. Akwai kuma abin da ya riga Park zuwa. Rabon gonaki da aka fara a 1950 ya taƙaita mallakar gona zuwa kimanin kadada uku, ya karya lagon manyan masu filaye, don haka gwamnatin da ta zo daga baya ba ta tarar da wani rukuni mai ƙarfin taka mata burki ba. Ikon ladabtar da mai jari ya samo asali ne daga wannan tarihi, shi ya sa ba a iya kwafo shi daga takardar manufa, kuma kama-karya kaɗai ba ta haifar da shi. Marcos ma ya yi mulkin danniya, Mobutu ma haka.

Da wannan hujja ta yi nauyi, Bankin Duniya ya fitar da rahoto kan Gabashin Asiya a 1993, da kuɗin gwamnatin Japan. Ya amsa cewa gwamnatoci sun sa hannu, amma ya ja kunnen sauran ƙasashe kada su gwada, domin ba su da ma'aikatan gwamnati irin na can. Marigayi Thandika Mkandawire, masanin Malawi, ya ƙalubalanci wannan tunani a 2001. Ya nuna cewa ƙasashen Afirka da dama sun sami bunƙasa mai kyau daga samun 'yanci zuwa tsakiyar shekarun 1970, kuma shirye-shiryen tsuke bakin aljihu su suka rage ma'aikata, suka zubar da darajar albashi, sannan aka dawo ana kafa hujja da raunin da aka haddasa. An karya ƙafar mutum, an ce gurgu ne tun haihuwa.

Daga nan akalar bincike ta karkata. Kyautar Nobel ta 2019 ta tafi ga Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer saboda gwaje-gwajen da ake raba jama'a rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba wasu wani abu a hana wasu, a auna sakamako. Hanya ce mai tsabta, ta kuma koyar da abubuwa masu amfani kan makaranta da rigakafi da ƙananan rance. Amma ba a iya jefa ƙuri'a a raba ƙasashe a ba rabinsu masana'antar ƙarfe. Tambayar da ba ta shiga wannan ma'auni sai ta koma gefe, ko da ita ce babba, kuma matashin manazarci da ke neman a buga aikinsa a babbar mujalla ya san inda iska ke kaɗawa. Kyautar 2024 da Daron Acemoglu da Simon Johnson da James Robinson suka samu ta dawo da batun cibiyoyi da iko, wanda ci gaba ne. Sai dai ra'insu ya fi iya bayyana bambancin Koriya ta Arewa da ta Kudu fiye da na Koriya ta Kudu da Filifin, inda a wancan zamani dukkansu ke da mallakar kai-da-kai da kasuwa da mulkin danniya.

Abin mamaki, ƙasashen da suka yi wa'azin tsame hannu su ne suka dawo da abin da suka haramta. A 2022 Amurka ta ware sama da dala biliyan 50 don tallafa wa masu ƙera ƙananan na'urorin da kwamfuta da waya ke aiki da su. Nathan Lane ya tattara tsofaffin alƙaluman masana'antun Koriya, ya nuna cewa sassan da aka fifita a shirin manyan masana'antu na 1973 sun fi sauran bunƙasa, kuma fifikon ya ɗore bayan an janye shirin a 1979. Tallafin masana'antu ya daina zama abin kunya a jami'o'i. Hatsarin yanzu shi ne a ɗauki rabin darasin, wato bayarwa, a bar rabin da ke da wuya.

Nijeriya ta riga ta nuna hakan. Shirin rancen manoma da Babban Banki ya ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamban 2015 ya raba sama da naira tiriliyan ɗaya, aka kuma rufe iyakokin tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 don kare shinkafar gida. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kawai aka biya, Babban Banki ya ce kimanin kashi 52 ne. Ko wace ƙididdiga aka ɗauka, tambayar Amsden na nan ba amsa: wane ma'auni aka gindaya wa masu casar shinkafa da ƙungiyoyin manoma, wa ya auna, kuma wa aka taɓa cirewa daga shirin saboda ya kasa?

Masu saurin yanke hukunci kan ce al'ada ce, wai mutanen nan ba su san biyan bashi ba. Aikin Abner Cohen na 1969 kan unguwar Sabo a Ibadan ya isa ya rushe wannan zato. Ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta shanun da aka kawo daga Arewa bashi, ba takarda ba kotu, maigida na tsaya wa fataken da suka sauka wurinsa, dillalai na bin diddigin wanda ke biya da wanda ke taurin bashi, wanda ya ci amana kuma a daina ba shi kaya. Tallafi da sharaɗi ke nan, da ma'auni da hukunci, a hannun 'yan kasuwa. Abin bincike shi ne dalilin da ya sa mutumin da ba zai kuskura ya ci kuɗin maigidansa a kara ba yake ɗaukar kuɗin hukuma a matsayin rabonsa.

A nan manazarta Hausa ke da abin da masanin alƙaluma ba shi da shi. Kalmomin tallafi da rance da bashi da agaji ba ma'anarsu ɗaya ba, kowace da nauyin da take ɗora wa mai karɓa. Wace aka yi amfani da ita a sanarwar rediyo, wace ɗan siyasa ya furta a dandalin kamfe, wace shugaban ƙungiya ya faɗa wa manomi ranar rabon taki da iri? Idan takardar banki ta ce bashi, bakin da ya isar da saƙon ya ce tallafi, an warware sharaɗin tun kafin a shuka. Ana iya bin sawun wannan a faifan shirye-shiryen noma na gidajen rediyo, da waƙoƙin siyasa, da shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939, a kwatanta da takardun ma'aikatun tsohuwar Jihar Arewa da ke gidan adana takardun tarihi na Kaduna, a ga lokacin da kalmomin suka fara cakuɗewa da kuma bakin da suka fara cakuɗewa a cikinsa.