Sankarar Hanji Da Baƙar Fatar Amurka

Ran 28 ga watan Agusta, 2020, Chadwick Boseman, ɗan wasan siliman nan na Black Panther, ya mutu yana da shekara 43. Sankarar hanji ce ajalinsa. A cikin shekarar nan Ƙungiyar Yaƙi da Sankara ta Amurka ta bayyana cewa baƙar fatar ƙasar sun ɗara galibin sauran jama'a kamuwa da cutar da wajen kashi 20 cikin ɗari, a mutuwa kuwa da wajen kashi 40.

Waɗansu na cewa wai abin a jini yake. To, sai su dubi Jihar Delaware. Tun daga 2002 hukumar jihar ta ɗauki nauyin duba hanjin talakawa marasa inshora, daga baya ta haɗa har da kuɗin magani, ta kuma sa ma'aikatan jinya su riƙa bin mutane har a duba su. Ya zuwa 2009, baƙar fatar da aka duba sun tashi daga kashi 48 zuwa 74, kafaɗa da kafaɗa da Turawa, mace-macensu kuma ya ragu da kashi 42.

Jinin dai bai sake ba. Tsiron da ke rikiɗa ya zama sankara ne aka riƙa cirewa tun yana ƙarami, daga cikin mutanen da a da ba sa ganin likita sai ciwo ya ci jiki.