Bikin Salbado da rigar malamanmu

Duk shekara, a watan Fabrairu ko Maris, gab da azumin Kirista, birnin Salbado na jihar Bahiya a gaɓar tekun Barazil yakan cika maƙil da masu bikin kanibal. Kusan mako guda ake yi ana bin manyan motocin kiɗa a tituna, al'adar da mawaƙa biyu, Dodo da Osmar, suka faro a 1950.

A matsayina na malamin makaranta kuma Musulmi, ba zan ce wa ɗalibaina su yi sha'awar giya da tsiraicin da ake gani a wurin ba. Amma fa jama'a, kada mu kau da kai gaba ɗaya, domin akwai tarihinmu a cikin hayaniyar nan.

Hausawa da dama aka kai Bahiya a matsayin bayi. Sun ƙulla tawaye a 1807, suka sake tashi a 1814 a yankin Itapuwa. A Janairun 1835, cikin Ramadan, Musulmin da ake kira Male, akasarinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka fito titunan Salbado sanye da fararen riguna da layu. An murƙushe su, aka kori wasu zuwa gaɓar Afirka ta Yamma.

Sunan waccan farar riga abada. Yau abada ita ce rigar da ake saya da tsada don a shiga cikin igiyar da ke kewaye motar kiɗa, talaka kuwa yana waje yana cin turmutsutsu. Suna ya tsira, ma'ana ta ɓace. Wannan shi ne abin da ke damuna.

Duk da haka, baƙaƙen fatar birnin ba su naɗe hannu ba. Sun kafa ƙungiyar Ile Aiye a 1974, sannan Olodum da Male Debale a 1979, suna koyar da tarihin Afirka da ganga da waƙa. A 2003 Barazil ta wajabta koyar da wannan tarihi a makarantu.

To mu fa? Yaro nawa a zangonmu ya taɓa jin labarin 1835? Ina kira ga malaman boko da na Islamiyya su sa shi cikin darasi. Tsirarun da suka bar tarihinsu a hannun wasu, wata rana a kasuwa za su tarar da shi.