Gidan Da Ke Jinyar Ɗa Mai Taɓin Hankali

Akwai wata jinya wadda ba a zuwa gaisuwarta. In ɗan mutum ya karye a ƙafa, ko zazzaɓi ya kwantar da shi, zaure ya kan cika da masu cewa sannu, mata su riƙa shigowa da kwanon kunu. Amma in hankalin yaro ne ya taɓu, sai ƙafa ta ɗauke, a bar uwa da uba da abinsu, su kuma su ja ƙyaure sabo da kunya. Wannan ɗabi'a ta daɗe tana cutar da bayin Allah, kuma ya kamata a dube ta da idon basira.

Ciwon da a ke magana a kansa shi ne wanda likitoci ke kira sikizofireniya, sunan da wani likitan ƙasar Suwizalan, Eugen Bleuler, ya raɗa masa a 1908. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen miliyan 24 ke fama da shi, watau ɗaya cikin kowane 300. Ya kan kama mutum daga ƙarshen ƙuruciya zuwa shekara ashirin da 'yan kai, kuma ya fi saurin bayyana ga maza. Ke nan ya kan zo daidai lokacin da uba ya fara sa ran ɗansa zai karɓe shi a gona ko a rumfar kasuwa.

Ba ya zuwa da ganga. Saurayi mai fara'a sai ya daina zama da abokansa, barci ya ƙaurace masa, wanka ya zama sai an yi da gaske. Daga nan a ji shi yana magana shi kaɗai cikin ɗaki, yana amsa wa muryoyin da ba mai jinsu sai shi. Wata rana ya ture tuwon da uwarsa ta tuƙa, ya ce an sa masa guba, ko ya rantse maƙwabta suna ƙulla masa sharri. A wurinsa waɗannan abubuwa gaskiya ne tsantsa, kamar yadda mai lafiya ke jin kiran salla. Sabili da haka gardama ba ta raba shi da su, duka kuwa sai dai ya tabbatar masa da zatonsa.

Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo. Uwar irin wannan yaro ba ta barci sai rabi da rabi, kunnenta na bakin ƙofa. Uban ya sayar da akuya, ya sayar da hatsin da ya ajiye don bazara, ya bi masu magani gari gari, kowa da abin da zai faɗa masa. Ƙannen yaron su daina gayyato abokai gida, mai neman ƙanwarsa ya ja da baya, wai ciwon gado ne. Mafi muni, sai a fara neman wanda ya yi: a zargi kishiya, a zargi baffa, zumuncin shekara arba'in ya watse a kan zato.

Alhali kuwa abin da bincike ya nuna shi ne ciwon na ƙwaƙwalwa ne, kuma sababinsa ba guda ba ne. Gado yana da rabonsa, amma ba shi ne duka ba, domin ko tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, in ɗayan ya kamu, kusan rabin lokaci ɗan'uwan ya kan tsira. Wahalar ciki da ta haihuwa, da tsananin ƙunci, da yawan shan wiwi tun da ƙuruciya, duk suna ƙara haɗari. Babu hujjar ɗora wa uwa laifin rashin tarbiyya, balle a ɗora wa kishiya laifin sammu.

Sa'ad da dabara ta ƙare, gidaje da yawa su kan koma ga mari da turu. Adalci ne a faɗa cewa galibi tsoro da talauci ke kai su, don ba uban da ke jin daɗin ganin ƙarfe a ƙafar ɗansa. Amma mari bai taɓa kashe murya ko ɗaya cikin muryoyin da yaron ke ji ba. Abin da ya ke bari shi ne gyambo, da tsoro, da ƙiyayyar wanda ya ɗaure shi. A watan Satumba na 2019, 'yan sanda sun fito da mutum wajen 300 daga wani gida a Kaduna, da yawansu cikin sarƙa, kuma akasarinsu danginsu ne suka kai su da hannunsu don neman gyara. A Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa mai wannan lalura haƙƙinsa na a yi masa magani cikin mutunci.

Magani kuwa akwai. Tun 1952 likitocin Faransa suka gano cewa wata ƙwaya mai suna kulofuromazin tana kwantar da ruɗu da jin muryoyi, daga baya aka sami wasu da yawa. Akwai na haɗiya kullum, akwai allurar da a ke yi bayan mako biyu ko wata guda, wadda ta fi sauƙi ga mai mantuwa ko mai ƙin sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla ɗaya cikin uku na masu ciwon su kan warke sarai, saura da dama kuma su kan sami sauƙin da za su yi sana'a. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ga sassan da ke asibitocin koyarwa na Zariya da Kano. Gwargwadon saurin zuwa, gwargwadon kyawun sakamako.

Sai dai akwai ramin da gidaje da yawa ke faɗawa. Da yaro ya sami wata uku lafiya lau, sai a ce ya warke, a daina magani, bayan 'yan watanni ciwon ya dawo. Wani lokaci yaron ne ke ƙi, sabo da maganin na sa shi yawan barci, ko rawar hannu, ko sanƙarewar jiki, ko ƙiba. Wannan kuka ne na gaskiya, kuma amsarsa a koma wa likita ya rage ko ya sake wani, kada a yanke da ka. In kuwa yaro ya fara zancen kashe kansa, ko ya ƙi ci da sha, to, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye sau biyu.

Kada a zaci zuwa asibiti raina addu'a ne. An san asibitin da Ahmadu ɗan Tuluna ya gina a Misira wajen shekarar 872 yana da sashen masu taɓin hankali, kuma malaman fiƙihu sun yi ittifaƙi a kan cewa wanda hankalinsa ya gushe ba a kama shi da laifi. Wanda shari'a ta ɗauke wa hukunci, da wace hujja za a yi masa bulala? Malamin kirki, in an kawo masa irin wannan yaro, sai ya yi masa addu'a, sa'an nan ya nuna wa uban hanyar likita.

Matsayin gida a cikin jinyar nan babba ne ƙwarai. A 1954 Likita Thomas Adeoye Lambo ya soma wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda marasa lafiya ke sauka a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowa tare da ɗan'uwansa mai kula da shi, su je asibiti da rana, su kwana cikin jama'a. Tsarin ya yi suna har ƙasashen waje. A Ingila kuma George Brown da abokan aikinsa suka lura, cikin shekarun 1960, cewa mara lafiyar da ya koma gidan da a ke yawan kushe shi da tsangwamarsa ya fi saurin sake kwantawa bisa ga wanda ya koma gida mai sanyin baki. Darasin a fili ya ke. A yi wa yaro magana a taƙaice, cikin natsuwa. In ya kawo zancen guba, kada a gaskata shi, kada kuma a yi masa dariya. Uwa ta ɗanɗani tuwon a gabansa ya fi dogon musu amfani. A ba shi ɗan aikin da zai iya, kamar ba dabbobi ruwa ko rakiyar uba gona, a bar shi ya ci abinci da 'yan'uwansa. Rashin kuzarin da a ke gani gare shi daga ciwon ne, kada a kira shi malalaci.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wajibi ne dangi su raba nauyin: wannan ya ɗauki kuɗin allurar wata, wancan ya raka shi asibiti, wata ta zo ta zauna yini guda uwar ta sami zuwa suna ko biki, domin mai jinya ma jiki gare ta. Wajibi ne kuma iyaye su zauna da sauran 'ya'yansu tun suna da rai, a san wanda zai riƙe shi bayansu, kada ranar da aka rufe uwa ta zama ranar da ɗanta ya koma kwana a bakin kasuwa. Masu unguwa da limamai su hana yara jifa da waƙar tsokana, gama masu wannan ciwo sun fi zama waɗanda a ke cuta bisa ga masu cutarwa. Hukuma kuwa, tun da ta sa hannu a doka, sai ta kai maganin ƙananan asibitocin karkara da araha, ta koya wa ma'aikatansu gane ciwon, don kada talaka ya sayar da jakinsa kafin ya ga likita.

Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wanda ya san gidan da ke cikin wannan hali a unguwarsu, to, ya taka ya je ya yi musu sannu, ya gai da yaron da sunansa. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya saka wa masu jinya da alheri, amin.