Sarƙewar numfashi a Kano: Ba kowane shaƙewa ne asma ba

Da zarar hunturu ya kama, ƙura da hayaƙin Adaidaita Sahu kan turnuƙe mahadar Ƙofar Ɗan Agundi, kuma a irin wannan lokaci ne masu lalurar numfashi suka fi shan wuya. Akasarin jama'a na kiran kowace sarƙewa da asma, alhali akwai wata lalura da ke kama da ita, wadda tushenta maƙogwaro ne ba huhu ba.

A wannan lalura, tantanin murya guda biyu, waɗanda ya kamata su buɗe yayin jan iska, sai su tsuke. Mutum ya ji kamar an shaƙe masa wuya, ƙara mai kaifi na fita idan ya ja numfashi. Mai asma kuwa, a ƙirji yake jin nauyin, ƙarar ta fi fitowa wajen fitar da iska. Shi ya sa maganin shaƙa na asma bai cika yin tasiri a nan ba. Ƙura, turaren wuta, ƙwannafi da tashin hankali duk suna iya tayar da ita.

Taimakon farko shi ne a zaunar da mutum, a kwantar masa da hankali, ya riƙa jan iska ta hanci yana fitarwa a hankali ta tsukakken baki. Amma in leɓe ya kumbura ko ya sauya launi, ko an ƙware da abinci, ko akwai zazzaɓi da ciwon wuya, sai a garzaya asibiti. Kano ce ta fi kowace jiha jin jiki a annobar mashaƙo ta 2023, cutar da ita ma ke toshe maƙogwaro.

Daga Ɗan Agundi, Asibitin Murtala da na Malam Aminu Kano ba su da nisa. Cunkoson hanya da fargabar kuɗi ne ke jawo jinkiri. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Abin da ya rage wa hukumomi shi ne tabbatar da aiki da dokar, tare da horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su bambance lalurorin biyu, su tura mara lafiya ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro domin a leƙa da na'ura.