Otavio Good da Manhajar Word Lens: An Samu Ido, Saura Harshe

 A wannan makon ina so mu duba rayuwar aikin wani mutum da mafi yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba, alhali da yawa daga cikinmu na yawo da aikinsa a aljihu. Duk wanda ya taɓa buɗe manhajar Google Translate, ya saita kyamarar wayarsa a kan takardar magani ko kwalin wata na'ura, ya ga rubutun ya rikiɗe zuwa wani harshe nan take, to ya ci moriyar gumin Otavio Good, wani Ba'amurke masanin tsara manhajar kwamfuta.

Abu na farko da ya ja hankalina game da shi shi ne, ba masanin harshe ba ne, ba kuma tafinta ba. Sana'arsa ta asali ita ce ƙera wasannin kwamfuta, irin waɗanda iyaye ke yi wa yara faɗa a kansu. Yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin Secret Level a birnin San Francisco, wanda kamfanin Sega na ƙasar Japan ya saya a shekarar 2006. Mai ƙera wasa yana da maƙiyi guda: jinkiri. Dole na'ura ta zana sabon hoto sau talatin ko sittin a cikin daƙiƙa ɗaya, in ta makara ko da ƙiftawar ido, mai wasa zai lura. Wanda ya shekara da shekaru a wannan fage yakan koyi tatsar na'ura har ɗigon ƙarshe, kamar yadda mai ƙuli-ƙuli ke matse tunkuza har ta daina ba da mai.

Wannan ƙwarewa ce ya ɗauka ya kai wani fage daban. Ya kafa ɗan ƙaramin kamfani mai suna Quest Visual, shi da abokin aikinsa John DeWeese suka shafe kusan shekara biyu da rabi a kan manhaja guda. A watan Disamba na 2010 suka fitar da ita da sunan Word Lens, a kan wayar iPhone, tana fassara tsakanin Ingilishi da Sifaniyanci kawai. Ɗan gajeren bidiyon da suka nuna aikinta a ciki ya karaɗe duniya, har wasu suka rantse dabon haɗa hoto ne. Sai da suka gwada da hannunsu, gani ya kori ji.

Mene ne manhajar ke yi a ƙarƙashin ƙasa? Matakai huɗu ne. Da farko takan nemo inda haruffa suke a cikin hoton, ta bambance su da itace ko mota ko fuskar mutum. Sai ta gane kowane harafi. Sai ta haɗa haruffan ta nemi kalmar a ƙamusun da ke cikin wayar, tare da sassauci, ta yadda ko ta ɗauki harafin S a matsayin lamba 5, za ta iya lalubo kalmar da ake nufi. Daga ƙarshe ta goge asalin rubutun, ta shafe gurbinsa da launin da ke kewaye da shi, ta rubuta fassarar a wurin, kamar dama can haka aka rubuta allon. Duk wannan tana maimaita shi sau da yawa a kowace daƙiƙa, hannun mai riƙe da wayar yana rawa, haske yana sauyawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, ba ta buƙatar intanet. Komai a cikin wayar yake gudana, a kan wayoyin 2010 waɗanda ƙarfinsu bai kai na wayoyi masu rahusa na yau ba. Good ya fahimci cewa wanda ya fi buƙatar fassara shi ne baƙo a ƙasar da ba tasa ba, shi ne kuma wanda ya fi rashin intanet a daidai lokacin da yake tsaye gaban allon tashar jirgin ƙasa. Ya gina kayansa daidai da halin mai amfani da shi. A wancan lokaci manhajar kanta kyauta ce, sai dai mutum ya sayi harshen da yake so, da farko a kan kimanin dala 5.

To amma ina da abin cewa a nan. Word Lens ta iya gani, ba ta iya magana ba. Fassararta galibi kalma da kalma ce. Ta wadatar ga allon da ke cewa "hanya a rufe" ko jerin abinci a gidan cin abinci, amma da zarar jimla ta yi tsawo sai ta fara kame-kame. Wannan ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya san harshe. Mu ɗauki kalmarmu ta "ci". Bahaushe yana cin abinci, yana cin jarrabawa, yana cin bashi, yana cin kasuwa, wani ma ya ci amana ko ya ci mutunci. Ƙamusun da ya ba "ci" ma'ana ɗaya tak zai sa ɗalibi ya haɗiye takardar jarrabawarsa. Ƙwarewar lissafi ta warware matsalar ido, amma matsalar harshe tana buƙatar tarin rubutu da fassarorin da mutane suka yi, kuma wannan tari ba ya hannun ƙaramin kamfani.

A nan ne labarin ya juya. A watan Mayu na 2014 kamfanin Google ya sayi Quest Visual, Good da mutanensa suka koma cikin masu kula da Google Translate. A watan Janairu na 2015 fasahar ta bayyana a cikin manhajar Google, kyauta. Zuwa watan Yuli na wannan shekarar harsunan da kyamarar ke fassarawa nan take sun kai 27. Good ya yi bayanin yadda suka horar da ƙaramar ƙwaƙwalwar na'ura da za ta shiga waya: sun ƙirƙiri haruffa na bogi, suka ɓata su da datti da ƙyalli da karkata irin na allunan titi, domin na'urar ta saba da duniya yadda take, ba yadda take a littafi ba.

Wasu na ganin sayar da kamfanin faɗuwa ce, tunda sunan Word Lens ya shuɗe. Wasu na ganin nasara ce, tunda abin da a da sai mai katin banki, yanzu ya isa ga miliyoyin mutane ba ko kwabo. Ni ina ganin duka biyun gaskiya ne, kuma akwai ta uku: daga ranar da aka sayar, zaɓen harshen da zai shiga da wanda zai jira ya koma hannun babban kamfani, shi kuwa yana bin inda rubutu ya yawaita da inda kasuwa take.

Wannan ne ya kawo mu gida. Hausa ta shiga Google Translate a watan Disamba na 2013, tare da Yarbanci da Ibo da Somaliyanci da Zulu. Abin farin ciki ne, amma duk wanda ya gwada ya san cewa ingancin bai kai na Faransanci ko Sifaniyanci ba. Na'ura tana koyo ne daga abin da aka rubuta. Mu kuwa, ko abin da muke rubutawa, da yawa muna barin ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, har "baki" da "baƙi", "kafa" da "ƙafa" su zama abu ɗaya a idon na'ura. Ga kuma ajami, wanda kakanninmu suka yi ƙarnoni suna rubutu da shi, mafi yawansa yana nan a takarda bai shiga kwamfuta ba. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 har gobe muna jingina da su, alhali harshen ya haifi dubban kalmomi bayansu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan gyara ba wanda zai taso daga San Francisco ya yi mana.

A jami'a ina haɗuwa da matasa masu ɗokin kafa kamfanin manhaja, kowa da "sabuwar dabara" da yake ɓoyo kada a sace. Ina gaya musu cewa dabarar saita kyamara a kan rubutu ta faɗo wa mutane da yawa kafin Good. Abin da ya bambanta shi shi ne shekarun da ya yi yana koyon sana'a tun daga tushe, da haƙurin zama a kan abu ɗaya har ya nuna. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ina kuma gaya wa ɗaliban sashen harsuna cewa kada su ɗauka wannan fage na 'yan kimiyyar kwamfuta ne kaɗai. Rabin da ya gagari Good shi ne rabin da ke hannunsu: tattara kalmomi, daidaita ƙa'idar rubutu, fassara mai inganci, da mayar da tsofaffin takardu cikin kwamfuta.

Da shugabannin jami'o'inmu za su ji tawa, da sun zaunar da sassan nan biyu a ɗaki ɗaya, ko da a kan aikin kammala digiri ne, ɗaya ya kawo ido, ɗaya ya kawo harshe. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.