LAFIYA UWAR JIKI: "Ai Na Saba da Ƙarar Injin"

Masu karatu, sau da yawa mukan ji ma'aikacin masana'anta ko mai injin niƙa yana cewa, "Da farko ƙarar ta dame ni, amma yanzu na saba." Wannan magana abin tsoro ce, gama kunne ba ya sabawa da ƙara. Wanda ya daina jin zafinta, jinsa ne ya fara raguwa.

Ga yadda abin yake. Can cikin kunne akwai wani ɗan abu mai siffar katantanwa, a cikinsa kuwa akwai ƙananan ƙwayoyi masu gashi wajen 15,000. Su ne suke karɓar sauti su aika wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi takan kwantar da su kamar yadda iska take kwantar da dawa a gona. Idan aka huta sukan miƙe. Amma idan kullum ana kwantar da su, sai su mutu, kuma ba sa sake tsirowa. Har yau babu allura ko ƙwaya da take mayar da su.

Ana auna ƙara da ma'auni mai suna desibel. Hirar mutum biyu wajen 60 ce. Hukumar NIOSH ta Amurka, wadda take binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyaka a desibel 85 na awa 8 a rana. Duk ƙarin desibel 3, sai a raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, 100 kuwa minti 15 kaɗai. Ɗakin injunan saƙa yakan kai kusan 100. Shi ya sa masu saƙa a Lankasha ta Ingila suka koyi gane magana ta motsin leɓe. Yawancin masaƙun Kakuri a Kaduna sun rufe, amma injin niƙa, da injin tsaga katako, da wurin walda, da janareta, suna nan a kowace unguwa.

Ba mu da na'urar awo a gida, amma akwai gwaji mai sauƙi. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda yake tsaye kamu ɗaya daga gare ka ya ji, to, ƙarar ta kai ta yi ɓarna.

Wannan kurumta ba ta zuwa da ciwo ko jini, shi ya sa mai ita ba ya farga. Siraran sautuka ne suke fara ɓacewa, irin su "s", da "sh", da "ts", da "f". Mutum yana jin murya amma ba ya rarrabe kalma, musamman muryar mata da yara, ko cikin taro. Sai ya ƙure rediyo, ya riƙa cewa "Na'am?" sau biyu sau uku, ya ce mutanen gida ba sa buɗe baki. Wani kuma kunnensa ya riƙa yi masa kuka kamar gyare, dare da rana. Ƙara kuma takan hana barci mai kyau, ta kawo gajiya da saurin fushi, bincike ya kuma danganta ta da hawan jini. Wanda ba ya jin kashedin abokin aiki kuwa yana kusa da hatsari.

Uwargida, ke ce za ki fara lura. Kada ki ɗauka maigida yana share ki ne. Ki gaya masa cikin ladabi, ki roƙe shi ya je asibiti a auna jinsa.

Ma'aikaci, ka sa abin toshe kunne na roba ko marufin kunne duk lokacin da injin yake aiki. Auduga ba ta tare ƙara yadda ake zato. Lokacin hutu ka fita wuri shiru. Mai injin, ka ɗaure kusoshi, ka sa mai, ka gyara salansa, ka ajiye janareta nesa da ma'aikata, ka kuma riƙa musanya su a wurin da ƙara ta fi yawa. Iyaye, idan mun aiki yara niƙa, mu ce su jira a waje. Yaron da muka kai koyon sana'a kuwa, mu saya masa abin toshe kunne tun ranar farko.

A Nijeriya, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta sa raunin ji saboda ƙarar wurin aiki cikin abubuwan da ake biyan diyya a kansu, ta hannun hukumar NSITF. Wanda abin ya shafa ya nemi takardar likita, ya bi hakkinsa. Sai dai diyya ba ta mayar da ji. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. To, mu tsare kunnen tun yana ji.